Furen Da Baba Bai Gani Ba

"Malam, idan ba za ka iya ba ka ba ni wayata in tafi!"

Mai gyaran wayar ya ɗago kai daga teburin da ke cike da matattun wayoyi, ya dube ta, sai ya sake fashewa da dariyar da ta ɓata mata rai tun farko.

"Wallahi ba raina ki na yi ba. Tun da na buɗe shagon nan, masu fasasshen gilashi nake gani, sai waɗanda wayarsu ta faɗa ruwa. Yau ne aka fara kawo min waya wai ba ta ganin cikin fure."

"To ba ta gani! Da na matsa kusa sai komai ya koma dishi-dishi."

"Lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta. Abin da kike nema akwai kyamararsa, amma kuɗinta fa... sai dai in kina da gidan da za ki sayar."

Ta miƙa hannu ta karɓe wayar. Sai a lokacin ya lura idonta ya ciko. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Tsaya mana. Me za ki yi da cikin furen?"

Ba ta yi niyyar gaya masa ba. Amma ta daɗe da abin a ranta ba ta samu wanda ta faɗa wa ba, sai kawai ta ji bakinta ya buɗe.

Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu. Babanta mai lambun furanni ne a bakin titi, yana renon dashe a baƙar leda yana sayarwa. Tun da Mama ta rasu, Yaya kuma ta yi aure ta koma wani gari, su biyu suka rage a gidan da ke bayan lambun. Baba mutum ne da yake leƙa tsakiyar fure ya gaya maka abin da ke damun shukar tun kafin ganye ya nuna. Yanzu ciwon ido ya ci shi. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya rage masa sauri. Manyan abubuwa kawai yake gani.

"Shi ne na ce, da zan iya ɗaukar furen ya zama ƙato, in saka masa a talabijin..." Ta haɗiye sauran maganar.

Mai gyaran, wanda duk layin Injiniya suke ce masa, ya sosa ƙeya. Can ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon difidi na kallon fim da ƙura ta rufe.

"Zauna. Amma kada ki yi min dariya, don na san kina jiran ramuwa."

Ya kwance shi, ya zaro wani ɗan gilashi da bai fi ƙwayar wake ba. Ya yanko guntun robar silifas, ya huda tsakiya da ƙusa mai zafi, ya cusa gilashin a ramin. Sannan ya ɗaure shi da roba daidai kan idon kyamarar wayarta.

"Matso da ita kan yatsana. Kusa... ƙara dai... kamar za ki taɓa."

Auta ta zabura.

Zanen yatsansa ne ya cika fuskar wayar, layi-layi kamar kunyoyin gona, har da baƙin mai a tsakani.

"Innalillahi! Haka hannunka yake da datti?"

"Kin ga ni ko? Daga taimako sai tonon asiri."

Dariyar da ta yi ranar, ita kanta ta manta rabon da ta yi irinta.

Washegari da yamma Injiniya ya zo gidan da igiyar da za ta haɗa wayar da talabijin. Ya gaida Baba a durƙushe. Baba ya karkato kai wajen muryar.

"Kai ne mai silifas ɗin?"

"Ni ne, Baba."

"To Allah ya sa ba na wani ka yanka ba."

Aka jawo wa Baba kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin talabijin. Auta ta danna. Tsakiyar wani jan wardi ta cika allon, ganyen furen ya naɗe kamar labulen ɗakin amarya, ga garin rawaya a kan 'yan siraran zare.

Baba bai yi motsi ba. Har Auta ta fara jin tsoro.

Sai ya ɗaga yatsa, ya ɗora kan wasu ɗigo-ɗigo kore a gefe.

"Ga su nan! 'Yan banzan ƙwari! Su ne suke shanye min shi, ina ta zargin ruwa. Auta, gobe ki dama sabulu ki fesa musu da safe."

Ya yi dariya, ya sa gefen riga ya goge ido, ya ce hasken ne ya yi masa yawa. Babu wanda ya musa masa.

Daga ranar Injiniya ya zama ɗan gida.

Da sassafe, kafin ya buɗe shago, yakan biyo ta lambun. A lokacin rana ba ta yi zafi ba, iska ma ba ta tashi ba. Aikin ɗan gilashin nan sai da haƙuri. Motsi kaɗan, hoto ya lalace. Auta takan durƙusa ta kafa gwiwar hannu kan wani tsohon bokiti da ta kifa, ta riƙe numfashi. Shi kuma ya tare mata iska da kwali a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da farar takarda yana juyo mata haske cikin furen.

"Kana girgiza kwalin."

"Ba ni ba ne, zuciyata ce."

"To ka ce mata ta bari sai na gama."

"Ba ta jin maganata. Tun da kika shigo shagona ta canza ubangida."

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Amma hoton ranar bai fito ba, kuma ba laifin iska ba ne.

Da yamma sai su zauna su uku a gaban talabijin. Baba yana faɗin wane fure ne ke son inuwa, wane ne aka cika wa taki. Su kuma a bayansa suna gardamar wa ya fi iya aiki, mai riƙe waya ko mai riƙe kwali. Masu zuwa sayen dashe suka fara tsayawa kallon hotunan a wayarta, wasu su ce lallai irin wannan za a ba su. Lambun da ya fara mutuwa ya ɗan farfaɗo.

Haka aka yi watanni.

Wata safiya ya zo ba da wasan da ya saba ba. Ya riƙe kwalin, amma hankalinsa ba ya wurin.

"Auta, kamfanin nan da na gaya miki na daɗe ina nema... sun kira ni."

"Kai! Alhamdulillahi!" Ta miƙe tana murna, sai ta ga fuskarsa. "Mene ne?"

"Da nisa. Tafiyar yini guda ce a mota. Kuma ni ba na son in tafi ni kaɗai." Ya ajiye kwalin. "Sanyin idona, ki ba ni dama in turo manyana wajen Baba. Mu yi aure, mu tafi tare."

Ta dubi ƙofar gida, inda Baba ke zaune yana cika leda da ƙasa.

"Ka ba ni lokaci."

Da yammar ranar Injiniya bai zo ba. Ita kaɗai ta haɗa wayar, hankalinta a rabe. Tana wuce hotunan ba tare da ta duba ba, har ta ji Baba ya ce,

"Masha Allah. Wannan ya buɗe da kyau. Sai dai ki rage masa ruwa."

Ta ɗago kai.

Ba fure ba ne a allon. Maɓallin rigar Injiniya ne, wanda ta ɗauka da wasa kwanaki, ga ramukansa ga zare.



A hankali ta ɗaga hannu ta gifta tsakanin fuskar Baba da talabijin. Ko ƙiftawa bai yi ba. Yana nan yana murmushi, yana gyaɗa kai.

"Sai na gaba, Auta."

"To, Baba," ta ce, ta cije leɓe don kada muryarta ta tona ta.

Tun yaushe? Ta zauna tana tuno kwanakin baya. Yadda ya daina nuna allon da yatsa. Yadda maganarsa ta koma iri ɗaya, a rage ruwa, a ƙara inuwa. Yana gabanta kullum, amma ba ta lura ba, don idonta yana kan wani.

Da gari ya waye ta nufi shagon.

"Ba zan iya ba."

Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa. Ta gaya masa komai, tana tsaye, ba ta yarda ta zauna ba.

"To mu tafi da shi! Ai ni ma ubana ne."

"Ba ka gane ba. A lambun nan ƙafarsa ta san ko'ina. Ya san inda famfo yake, ya san inda tudu yake. Idan na cire shi daga nan, ranar ce zai makance da gaske."

"To na fasa aikin."

"Ba za ka fasa ba."

"Rayuwata ce, Auta!"

"Da ta mahaifiyarka, da ta ƙannenka da ke makaranta. Kai ka gaya min da bakinka shagon nan ba ya riƙe ku. Yau za ka fasa saboda ni, wata rana ka dube ni ka tuna abin da na hana ka. Ba zan iya jure wannan kallon ba."

"Wallahi ba zan taɓa..."

"Kada ka rantse." Hawayen ya zubo, ta bar shi. "Ina son ka. Ban taɓa faɗa maka ba, to ga shi na faɗa. Amma don Allah kada ka sake zuwa gidanmu. Idan ina ganinka ba zan iya ba."

Ta fita da sauri kafin ya ce wani abu. Ta ji ya kira ta har sau biyu. Ba ta waiwaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Tana fita da safe ta ɗauki hotunan ita kaɗai, ta jingina kwalin da dutse, iska ta kayar. Da yamma ta saka wa Baba, shi ya yi kamar yana gani, ita ta yi kamar ta yarda.

"Ina ɗan surutun nan ne? Kwana biyu ban ji shi ba."

"Aiki ya yi masa yawa, Baba."

"Uhm," in ji Baba.

Ranar da ta dawo daga sayo taki, ta tarar da kujerarsa babu kowa. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida, ta bi layukan dashe tana kira. Sandarsa ma ba ta nan. Maƙwabcinsu mai wankin mota ya leƙo.

"Baba kike nema? Ai ni na tare masa tasi ɗazu. Ya ce shagon mai gyaran waya za shi."

Ba ta san yadda ta isa ba. Tana haki ta ɗaga labulen shagon.

Ga Baba zaune a kan kujerar Injiniya, da kofin shayi a hannu, kamar shagon nasa ne. Injiniya na durƙushe a gefe, idonsa ja.

"Baba! Ka san yadda hankalina ya tashi? Da mota ta..."

"Zauna, Uwata."

Idan ya ce Uwata, magana ce babba. Ta zauna kan wani akwati.

"Na san kin gane," ya ce. "Ranar nan na ce ki rage wa wani fure ruwa, sai na ji numfashinki ya tsaya. Sannan na ji iskar hannunki a fuskata. Me kika nuna min?"

Ta sunkuyar da kai. "Maɓallin riga."

"Na wa?"

Ta saci kallon Injiniya.

"Nawa ne, Baba," in ji Injiniya a hankali.

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har shayin ya zube masa a hannu.

"To ka ji, ka rage wa rigarka ruwa."

Auta ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

"Me ya sa ba ka gaya min ba, Baba? Me ya sa?"

"Da farko ina gani, Allah ya sani. Na ga abubuwan da ko da idona lafiya ban taɓa gani ba a cikin furen da na yi shekaru ina reno. Wannan kyauta ce, ba zan manta ba. Da hasken ya ƙarasa tafiya, sai na ce in na faɗa, za a kashe talabijin. In aka kashe, yaron nan ba shi da dalilin zuwa. Ni kuwa rabon da in ji dariyarki a gidan nan tun mahaifiyarki na raye. Shi ne na ci gaba da zama ina kallon duhu, ina sauraron ku."

Injiniya ya juya fuska bango.

"Yanzu kuma na zo na tambaye shi laifin da na yi masa, sai nake jin wai kin kore shi saboda ni."

"Baba, ba zan bar ka ba. Wa zai saka maka magani? Wa zai..."

"Yayarki. Tun bara take roƙo in koma wajenta. Ta gyara min ɗaki, mijinta ya kira ni ya fi a ƙirga. Kin san me na ce musu? Na ce ba zan bar Auta ita kaɗai ba." Ya girgiza kai. "Ashe ke kina zaune saboda ni, ni ina zaune saboda ke. Da mun tsufa tare a cikin ledar dashe, kowa yana ganin yana yi wa ɗan'uwansa alheri."

"Lambun fa? Ƙafarka ta san shi. A can ba ka san ko'ina ba."

Baba ya juya kofin a hannunsa.

"Zai yi min ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙaryar ta isa haka. Zan yi tuntuɓe a gidan yayarki, zan buge goshi, jikoki su yi min dariya. Amma ƙafa tana koyo. Mai wankin mota ya daɗe yana son wurin, ya ce matarsa za ta ci gaba da dashen. Akwai ɗan fili a bayan gidan yayarki. Ido ne ya tafi, hannu da hanci suna nan."

"Baba..."

"Ban haife ki don ki zama sandata ba. Sanda ga ta nan, a kasuwa na saya." Ya miƙa hannu cikin iska yana lalube, ta kama. "Kina son shi?"

Ta ɓoye fuska a gwiwarsa.

"Ban ji ba. Kin san kunnena ne kawai ya rage."

"Eh, Baba," ta ce cikin kuka.

"To kai mai silifas, ka turo manyanka. Kuma ka ƙaro min shayi, wannan rabinsa a hannuna ya ƙare."

Ba a ja lokaci ba, don ranar fara aikin ta matso. Aka ɗaura auren ba hayaniya. Yaya ta zo da mijinta, suka kwashe kayan Baba da 'yan tukwanen furen da ya zaɓa da hannunsa, yana shafa ganye yana shinshina. Ranar da zai fita daga lambun bai ce a kama shi ba. Ya bi layukan shi kaɗai har ƙarshe, ya dawo, ya ce a tafi.

Baba ya dage sai ya raka ango da amarya tasha.

Direba yana ta danna oda, an gama ɗaure kaya. Auta ta rungume Yaya, ta sake maimaita mata lokutan magani, har Yaya ta ce, "Ke! Ni ma fa ubana ne, kuma na riga ki saninsa."

Baba ya ce, "Ina angon? Matso nan."

Injiniya ya durƙusa.

"Ko lokacin da nake ɗan gani, inuwarka kawai nake gani. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ban san fuskarsa ba."

Ya ɗora tafukansa biyu masu kaushi a kan fuskar. Ya bi goshi, ya bi gira, ya sauko a hankali. Sai ya tsaya.

"Auta, haka hancinsa yake kika yarda?"

Duk suka fashe da dariya, har direba. Amma hannun Baba ya tarar da jiƙa a kumatun, sai ya bar shi a wurin.

"Ɗana," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ta iya cewa ta gaji ba. Kai za ka dinga lura."

"In sha Allah, Baba."

Auta ta riƙe hannun Baba har sai da ya zare da kansa, ya tura ta a hankali wajen ƙofar motar.

Motar ta tashi. Ta manna fuska a gilashin taga.

Baba na tsaye da sandarsa, ya ɗaga hannu sama yana ta yi musu bankwana, yana murmushi, amma ya fuskanci wata motar daban da ke lodin kaya.

Yaya ta kama kafaɗunsa ta juyo da shi a hankali, har ya fuskanci hanyar da 'yarsa ta bi.

Auta ta zuge gilashin ta leƙo da kai.

"Baba! Ga ni nan!"

Hannun nasa ya ƙara tashi sama.